Hannun Alasan da Takobin Japan

Mutumin da ya tsinke tattasan maƙwabcinsa, a shekarar da maƙwabcin ya gudu ya bar gonar tana shirin ruɓewa, ɓarawo ne ko ba ɓarawo ba ne? An taɓa kai wannan tambaya gaban malamai biyu a Difa, kowanne ya shafa gemu ya ce sai ya ji ta bakin mai gonar, kuma har yau ba a samu wanda ya raba gardamar ba. Ƴan daji kuwa ba su tsaya dogon tunani ba. Su ne ke riƙe da ƙauyen a lokacin, can gabas da Geskeru a bakin kogin Komadugu. Suka tara jama'a a gindin tsamiya da hantsi, suka yanke wa Alasan hannun dama daga wuyan hannu.

Ga yadda abin ya faro. Da ƴan daji suka shigo, yawancin mutanen ƙauyen suka kwashi yara suka yi yamma. Kalli, wanda gonarsa ke manne da ta Alasan, yana cikin waɗanda suka tafi. Alasan ya tsaya saboda tsohuwarsa, wadda ƙafafu suka daina ɗaukarta, ta kuma rantse ba mai ɗora ta a kan jaki. Aka ƙwace masa injin ban ruwa, tattasansa ya bushe a tsaye. Gonar Kalli kuwa tana gangare, inda ƙasa ke riƙe laima, sai ta nuna jawur har ƴaƴan suka fara zuba. Alasan ya daɗe yana wuce ta yana kau da kai. Ranar da hatsi ya ƙare a gidansa, ya ɗauki kwando ya shiga. Ya tsinka, ya shanya, ya ba wani mai kwalekwale ya musanya masa da gero.

Bai san Kalli zai dawo ba. Kalli ya saci jiki ya ratso daji don ya kwashi abin da zai ciyar da nasa yaran, ya tarar da gona kamar an share ta da tsintsiya. Ya tsaya a tsakiyar ƙauye yana kururuwa, yana tambayar wanda ya sace masa tattasai. Kunnen da bai kamata ya ji ba, shi ya ji. Da aka zo yin hukunci, Kalli na tsaye cikin taron.

Bayan tsohuwa ta rasu, Alasan ya ɗauko matarsa Meram da ɗiyarsu Kubra suka shigo Difa. Shekaru suka wuce. Ya sami wurin zama a bakin shagon wani Badamagare mai suna Sufyan, kusa da kasuwar tattasai. Sufyan na da faifan hasken rana a kan rufi, don haka ko kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke a gari, shi nasa na nan. Mutane na kawo wayoyi caji, kuma Alasan ne ke tsaron teburin da ake jona su. Ba ya karɓar waya daga hannun kowa, don kada ya miƙa wa mutum hagu. Sai ya nuna tebur da haɓa, mai waya ya ajiye, shi kuma ya jona. Kowace waya ya san mai ita. Ba a taɓa jin an ce wani abu ya ɓace a teburinsa ba.

Hannun dama kuwa yana cikin aljihun riga, da zafi da sanyi. Wasu suka ce nakiya ce ta tashi da shi, wasu suka ce harsashi ne, wata mai ƙosai ta ce ita ta ji maciji ne. Alasan bai gaskata kowa ba, bai kuma ƙaryata kowa ba.

A cikin shagon akwai babbar tele, da wasan da ya sa samarin unguwa suka manta da hanyar gida. Wasan yaƙin Japan ne na zamanin dā, lokacin da sarakunansu ke ƙona garuruwan juna. Akwai gidajen sarauta masu rufi bisa rufi, da gonakin shinkafa, da mayaƙa masu sulke da ake kira samurai. Ba a zaune ake yin sa ba. Mutum zai tsaya gaban tele riƙe da wani farin abu mai tsawon rogo, wanda suke kira manet, ya zura hannu cikin igiyarsa. Wani ɗan ido da ke saman tele yana bin motsinsa. In ya ɗaga manet sama ya sauke, samurai ya sara daga ka. In ya share gefe, takobi ya ratsa ciki. In ya gitta shi a gaban fuska, ya tare saran abokin gaba, abin ya yi rawa a hannu kamar ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ƙarti na fitowa daga shagon jiƙe da gumi, suna dafe kafaɗa kamar sun wuni suna dako.

Gwaninsu shi ne Ado, wani dogon direban adaidaita mai baki, wanda ya naɗa wa kansa sarautar Sarkin Yaƙin Japan. Shi ne ya taɓa mantawa da igiyar, manet ya kuɓuce ya tashi sama ya karya wa fankar Sufyan fiffike.

Daga inda Alasan ke zaune yana hangen rabin tele ta ƙofa. Kallo kawai yake yi. Wata rana da yamma Sufyan ya leƙo, ya kira shi da "Ba" ɗin da ake girmama dattijo da shi a yankin, ya ce, "Ba Alasan, shigo ka gwada mana. Ana iya juya shi ya koma na hagu."

"Ku riƙe abinku," in ji Alasan. "Na ga wuƙa tana aikinta na gaske. Ba ni da sha'awar ta roba."

"Tsoro yake ji," Ado ya faɗa daga ciki, yana haki. "Ya san in ya shigo sai na mai da shi suya."

"Kai da fanka ma ta fi ƙarfinka?"

Aka kwashe da dariya, maganar ta wuce. Sufyan ya sake tayin sau da yawa bayan nan, amsar ba ta canza ba.

Ranar wata Talata, kasuwa ta cika, ƙamshin tattasai na sa mutane atishawa, wani mutum mai furfura a gefen kai ya tsaya gaban teburin da tsohuwar waya a hannu. Jikinsa ja da ƙurar buhuna, da gani dako yake yi. Alasan ya nuna tebur da haɓa kamar kullum, sannan ya ɗaga kai. Kalli ne. Ya daɗe a wajen Maine, kwanan nan ya shigo Difa neman aiki.

Suka dubi juna. Alasan ne ya fara magana. "Wushe, Ya Kalli. Yaya iyali?"

Kalli bai amsa gaisuwar ba. Idonsa ya sauka kan aljihun, ya yi maza ya ɗauke. Sai ya juya wajen mutanen da ke kan benci, ya ɗaga murya.

"Wannan kuke ba wa ajiyar wayoyinku?"

"Shi ne," in ji wani. "Ka san shi?"

"Ku ce ya fito da hannunsa. Ku tambaye shi wa ya yanke, kuma a kan me. Ba nakiya ke yanke hannu daidai gaɓa ba."

Daga cikin shago ana jin ƙarar takubba. Kowa a Difa ya san abin da yankakken hannun dama ke nufi, in mutum ya fito daga inda ƴan daji suka yi mulki. Kowa kuma ya tsani ƴan daji, yana tsine wa shari'arsu safe da yamma. Amma abin mamaki, wani ɗan kasuwa da ya rasa ƙanensa a hannunsu shi ne ya fara tashi ya cire wayarsa, ko rabin caji ba ta yi ba. Ya ce ya tuna yana da kira. Wani ya bi shi. Kafin la'asar teburin ya koma wayam, sai igiyoyin caji suna reto.

Da ya koma gida, ya tarar labari ya riga shi. Meram na tankaɗe a tsakar gida, ta aiki Kubra maƙwabta don kada ta ji.

"Baban Kubra, abu biyu ne," ta ce ba tare da ta daina tankaɗen ba. "Ko gobe ka tsaya a gabansu ka fito da hannun nan, ka faɗi yadda aka yi, kowa ya ji da kunnensa. Ko kuwa mu tattara mu tafi sansanin gudun hijira na Sayam wajen yayana. Can rabin mutane da tabo suke yawo, ba mai tambayar wani."

"Ba zan yi ko ɗaya ba."

"To me za ka yi?"

"Zan je wurin aikina."

"Ka tsare me? Ƙudaje?"

"Meram, an taɓa tara mutane a kaina sau ɗaya. Suka zagaye ni, suka kalli hannun nan har suka ƙoshi. Ba zan tara su da kaina ba, in tuɓe musu, in ce ku duba ku yi mini adalci. Su wane ne? Ba alƙalaina ba ne."

"Ba alƙalanka ba ne, amma wayoyinsu ne." Ta buga rariya a gefen ƙwarya. "Geron nan da aka yanke ka a kansa, ni na daka shi, ni na dafa. Ina jin kunyarsa? Ba na ji. Kai ne ka sa shi a aljihu kamar abin sata, shi ya sa suka yarda da Kalli."

Alasan ya miƙe. Ya ɗauki buta ya fita.

Washegari ya tarar Sufyan ya riga shi buɗe shago. Sufyan mutum ne mai gudun rigima, yana magana yana sosa ƙeya.

"Ba Alasan, ni wallahi ban ga komai a wurinka ba sai amana. Amma ka san mutane. Ka ɗan huta a gida har ƙura ta lafa. Ko kuma ka ce musu nakiya ce, mutumin nan ƙarya yake maka. Ni zan tsaya maka shaida."

"Ba ƙarya yake ba. Su suka yanke, kuma a kan tattasansa ne."

Sufyan ya daina sosa ƙeyar. "To ka huta ɗin."

"Korata ka yi?"

"Haba, ni ban ce ba."

"In ba ka kore ni ba, ga kujerata."

Ya zauna. Sufyan ya ja igiyoyin caji ya mai da su cikin shago, mutane suka riƙa wuce Alasan da wayoyinsu a dunƙule a hannu, suna miƙa wa mai shago. Wasu na gaishe shi da sauri, wasu na yin kamar suna duba saƙo. Shi kuwa yana nan bakin ƙofa gaban tebur marar komai, bayansa a miƙe, daga safe har rana ta yi sanyi. Sufyan ya ce wa Ado a ɓoye, in abin bai gyaru ba zuwa Talata mai zuwa, dole ya ɗauke teburin. Ado kuwa ba ya riƙe magana, don haka Alasan ya ji.

Abin da ya fi ba shi mamaki shi ne Kalli. Mutumin da ya zubar masa da mutunci ya kamata ya yi gaba abinsa. Amma kullum in ya sauke buhunansa sai ya dawo ya zauna a ƙarshen benci, ba ya caji, ba ya wasa, ba ya kallon Alasan. Ran nan da rana tsaka, bencin ya rage su biyu kawai.

"Ya Kalli," in ji Alasan, "me kake jira a nan?"

"Jira nake ka faɗa da bakinka."

"In faɗi me?"

"Ka ce sata ka yi."

"Na tsinki tattasanka. Wannan ban taɓa musu ba. Zuba yake yi, tsuntsaye na ci."

"Ko ruɓewa zai yi, nawa ne. Na ratso daji a kansa. Na koma wa yarana hannu biyu ba komai, ƙaramar ba ta kai damina ba." Ya share fuska da tafin hannu. "Ka ce sata ce."

Alasan bai san da zancen yarinyar ba. Can ya ce, "Allah ya jiƙanta. Da na san za ka dawo, da na raba biyu na ajiye maka. Wannan zan faɗa ko a gaban wa. Amma kalmar da kake nema ba zan ba ka ba."

"Don me?"

"Don ba ni kake nema wa ita ba, kanka kake nema wa. In ni ɓarawo ne, ihun da ka yi ran nan daidai ne, wuƙarsu ma daidai ce, sai ka samu barci. Ni ma ina son ka samu barci, Ya Kalli. Amma ba zan ce ƴan dajin nan sun yi gaskiya ba. Sun ɗauki hannun, ba zan ƙara musu da bakina ba."

Kalli ya tashi ya tafi. Da la'asar sai ga shi ya dawo ƙarshen benci.

Ranar Litinin da yamma shagon ya cika, domin Ado ya kai wani mataki a wasan da ba wanda ya taɓa kaiwa. Ya ƙwace wani gari mai ganuwa, ana ta yi masa kirari. Sai hoton ya canza. Aka nuna farfajiyar gidan sarki, ga sarkin zaune a kan dakali da fanka a hannu. Dogarai suka jawo wani manomi mai malafa, ƙafafunsa duk taɓo, suka durƙusar da shi kusa da buhun shinkafa da ya fashe. Sarkin ya yi tsawa da yarensu, rubutun Faransanci ya fito a ƙasa.

"Me ya ce?" wani ya tambaya.

Sufyan ya karanta, muryarsa ta yi ƙasa. "Wai shinkafar rumbun sarki ya ɗiba. An ce a sare shi. Wasan ba ya ci gaba sai an sara."

Daga can baya wani ya ce, "Kai, ga Ba Alasan a Japan!"

Dariya ta tashi, irin wadda mutum ke yi sannan ya waiga ya ga ko an ji. Ado ya ɗan yi jim, amma idanu na kansa, kuma sarauta ba ta son jinkiri. Ya ɗaga manet da hannu biyu.

"Tsaya."

Alasan ne a bakin ƙofa. Tun da ya fara aiki a wurin, ba a taɓa ganin ya tsallake dokin ƙofar nan ba in ana wasa. Mutane suka dare masa hanya. Ya tako har gaban tele, ya dubi manomin da ke durƙushe, kansa a sunkuye, yana numfashi a hankali. Duk wanda ya zana shi ya san yadda kafaɗar mutum ke yi in yana jira.

"Wa ya kira sunana?"

Aka riƙa kallon juna.

"Ai ba laifi. Na ji an kira, na zo." Ya juya ya fuskanci ɗakin. Idanu suka zagaye shi, kamar wancan hantsin a gindin tsamiya. Amma wancan karon riƙe shi aka yi. Ya zaro hannun daga aljihu, ya sa hagu ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu, ya ɗaga shi sama inda hasken tele ke haska shi.

Dungulmi ne mai ƙyalli, fatar ta tattare a baki inda aka tsoma shi cikin tafasasshen mai. Wani ya ce innalillahi. Wasu suka sunkuyar da kai.

"A'a, kada ku sunkuya. Kwana da kwanaki kuna leƙen aljihuna, to ga shi. Kai mai jar hula, matso, daga can ba ka gani sosai. Ƴan daji ne suka yanke. Tattasan Kalli na tsinka lokacin da yunwa ta shigo mini gida, ga shi can a ƙofa, ku tambaye shi. Wanda ya ga hukuncinsu ya yi daidai, ya faɗa yanzu da ƙarfi, mu san malaminsa."

Fankar Sufyan mai karyayyen fiffike na ta ƙara a sama.

"Ba roƙonku nake ba. Wayarku taku ce, ku kai ta inda kuka ga dama. Amma ni ba inda za ni. Ba Sayam, ba gida. Ko an ɗauke tebur, a ƙasa zan zauna." Ya juya ga Ado. "Sarkin Yaƙi, ba ni takobin."

Ado ya zare igiyar daga hannunsa da sauri, ya miƙa wajen hagun Alasan. Sufyan ya ce, "Bari in juya shi ya koma na hagu."

"Bar shi yadda yake. Da dama zan yi."

Suka dubi juna. Ado ya gwada zura igiyar manet a dungulmin, ta zame. Ya sake, ta sake zamewa, domin ba tafin hannun da zai tare ta. Yana ta gudun taɓa fatar. Wani ya kawo ƙyalle aka naɗa, Alasan ya ɗaga hannu sau ɗaya, manet ya karkace ya rataya.

"Ku ƴan birni ba ku iya ɗauri ba," in ji Alasan. Ya ɗaga murya ba tare da ya waiga ba. "Ya Kalli! A bakin kogi ba wanda ya kai ka ɗaure tiyo a bakin inji. Naka ba ya yoyo. Zo ka ɗaura mini."

Kalli na tsaye a ƙofa, ya dafa bango. "Ni ba ruwana."

"Da ruwanka. Kana wurin aka cire, ka rufe ido. Zo."

Sai Ado ya fita da gudu, ya buɗe ƙarƙashin kujerar adaidaitarsa, ya dawo da tsinken robar taya, ya danƙa wa Kalli a hannu, ya turo shi ciki. Kalli ya tsaya gaban Alasan da robar. Ya dubi dungulmin, wannan karon bai ɗauke ido ba. Gumi na bin furfurarsa.

"Ban yafe tattasan ba," ya ce ƙasa-ƙasa.

"Ban ce ka yafe ba. Ɗaura."

Kalli ya kwantar da manet a kan hannun, bakinsa na kallon gaba. Ya sa babban yatsa ya danne kan robar, ya ja ta har ta yi siriri, ya zagaya, kowane zagaye na hawa rabin na baya, ya cusa ƙarshen a ƙarƙashi. Yatsunsa sun taɓa tabon, bai janye ba. Ya girgiza manet ɗin ya ji ko zai motsa.

"Ya yi tsauri?"

"Ƙara."

Ya ƙara zagaye ɗaya, ya koma gefe.

Alasan ya fuskanci tele ya ɗaga hannu. Takobin samurai ya ɗaga tare da shi, ya tsaya a saman wuyan manomin. Ya karkata hannun, takobin ya karkata. Abin ya ba shi tsoro kaɗan, yadda wani abu a duniya ya sake amsa wa wannan hannun. Sarkin da ke kan dakali ya sake tsawa.

"Wai ka yi sauri," in ji Sufyan.

"Ce masa ya sauko ya yi da kansa." Alasan ya sauke hannun a hankali zuwa gefe, yadda ba zai zama sara ba. "Ba wannan ba, Sufyan. Fitar da ni daga gidan nan. Kai ni inda su ma suke riƙe da takobi."

"Kai, Ba Alasan, in aka fita garin da na ci ya tafi!" in ji Ado. Sai ya ga yadda ake kallonsa, ya yarfa hannu. "To, a fita. Gobe na sake cin sa."

Sufyan ya danna, farfajiyar ta ɓace. Aka nuna wata gadar katako a kan kogi, ruwan sama na zuba, mayaƙa uku masu baƙin sulke suna tahowa daga ɗaya bakin. Kafin ya koma gefe, Sufyan ya ce da wani da ke kusa da ƙofa, "Kai, ja igiyoyin cajin nan ka mai da su teburin waje, sun cika mini ɗaki."

Na farkon ya iso da gudu. Alasan ya kai sara tun daga kafaɗa, irin na mai sassabe da adda, amma ya makara. Takobin ya wuce ta iska, tele ta yi ja, manet ya yi rawa a kan ƙashinsa har cikin haƙori.

"Gitta! Gitta shi a fuska!" Ado na ihu yana tsalle. "Tare tukuna, sannan ka sara!"

Ya gitta, ƙarfe ya haɗu da ƙarfe. Ya sara, mai sulken ya yi baya ya faɗa kogi. Ɗakin ya ɗauki sowa. Na biyun ya zo ta gefe, na ukun ta gaba, suka haɗu a kansa. Samurai ɗinsa ya durƙusa a kan gada, takobi ya faɗi, hoton ya yi duhu.

"Sun kashe ka, Ba Alasan," in ji Sufyan. "A kwance maka?"

Alasan na haki, robar ta ci cikin namansa, kafaɗar da ta yi shekara da shekaru ba ta yi aiki ba tana zafi kamar wuta. Ya gyara tsayuwa, ya ware ƙafafu, ya ɗaga hannun.

"Sake kawo su."